Ruwan Taurarin Hunturu: Wa Zai Ƙirga Mana?

Idan Allah Ya kai mu daren 13 ga Disamba, da kuma daren da ke biye da shi, za a yi ruwan taurari. Kada mai karatu ya zaci ƙasa aka buga mini. Abu ne da yake zuwa kowace shekara a waɗannan kwanaki, kamar yadda sanyi yake zuwa, ko mun leƙa waje ko mun ƙudundune cikin bargo. Masana sararin samaniya suna kiran sa Jeminid, kuma a cikin ruwan taurarin da ake yi duk shekara babu wanda ya fi shi yawa da cika alkawari. Yakan faro kaɗan-kaɗan tun wajen 4 ga wata, ya yi ta ƙaruwa har ya kai maƙura a ranakun 13 da 14, sannan ya janye da sauri.

Abin da ya sa na keɓe masa shafin wannan mako shi ne sha'anin wata. Hausawa sun ce rashin farin wata tauraro ke haske, kuma a wannan fage maganar lissafi ce tsantsa. A 2022, 14 ga Disamba ta faɗo wajen 20 ga watan Musulunci, wata ya fito kafin tsakar dare ya zauna daram a sama daidai lokacin da ake bukatar duhu. A 2024 kuwa ta faɗo dab da cikar wata, ya haske gari tun daga magariba har kusan asuba. A 2023 aka dace. Daren ya zo daidai da tsayuwar jinjirin watan Jimada Sani, wanda ya faɗi jim kaɗan bayan magariba ya bar mana sama baƙi ƙirin.

Mu fara da gyara suna. Taurari ba sa faɗowa. Taurarin da muke gani ranaku ne irin tamu, wasu ma sun ninka ta girma, nisa ne ya mai da su ɗigo-ɗigo. Da ɗaya zai nufo mu, da babu wanda zai saura ya ba da labari. Hasken nan da yake tsaga sama ya ɓace kafin ƙiftawa da bismilla 'yar tsakuwa ce, sau da yawa ba ta fi ƙwayar gero ba, babba a cikinsu ta kai wake. Gudu ne ya ba ta wannan kwarjini. Tsakuwar Jeminid tana shigowa cikin iskar da ta lulluɓe duniya da gudun kilomita 35 a sakan guda, wato tafiyar Kano zuwa Kaduna a ƙasa da sakan 7. Da wannan gudu takan matse iskar da ke gabanta har iskar ta yi zafin da zai narkar da ita, ta ƙone ƙurmus tun tana tsakanin kilomita 80 zuwa 100 sama da kawunanmu. Saboda haka wanda ya rantse cewa a bayan gidan maƙwabcinsa ta faɗi, ya shirya kaffara. Mutumin Dutse da na Katsina sun ga hasken a lokaci guda, kuma kowannensu zai ce a bayan garinsu ya sauka.

To, daga ina tsakuwar? Mai karatu ya ƙaddara tifa ce ta ɗauko yashi, bodinta a huje, tana zagaya hanya guda shekara da shekaru tana zubarwa. Hanyar da duniya take bi wajen zagaya rana ta gitta hanyar tifar, kuma sau ɗaya muke isa wannan mahaɗa a kowane zagaye. Shi ya sa ruwan yake bin lissafin rana kamar damina da kaka, bai damu da ko wane watan Musulunci ake ciki ba. A galibin ruwan taurari, tifar ita ce tauraro mai wutsiya, curin ƙanƙara da ƙura wanda zafin rana ke zagwanyar da shi. Ruwan Jeminid ya fita daban. An shafe sama da shekara 100 ana kallonsa ba a san mafarinsa ba, sai a watan Oktoba na 1983 wani tauraron ɗan'adam mai suna IRAS ya hango wani curin dutse mai faɗin kilomita 5 zuwa 6, masanin nan na Amurka Fred Whipple kuma ya lura cewa hanyar dutsen da ta tsakuwar ɗaya ce. Aka raɗa masa suna Faiton. Yana zagaya rana cikin kimanin shekara ɗaya da wata biyar, yana kusantar ta har tazarar kilomita miliyan 21, abin da bai kai rabin nisan Uɗaridu ba, ita da ta fi kowace duniya kusa da rana. A can fuskarsa takan ɗauki zafin da ya haura digiri 700. Yadda dutse ya iya zubar da wannan uban yashi kuwa har gobe masana na gardama a kai. Wasu na ganin zafi ne ke farfasa shi, wasu na ganin tun da daɗewa wani babban ɓangare ne ya ɓalle daga jikinsa ya tarwatse.

An samo sunan Jeminid daga burujin Jauza'u, wanda Turawa ke kira Jemini, wato Tagwaye. Amma manomin da ya tashi a gaban malaman hisabi ya san wurin da sunan da ya fi kusa da gida. Taurari biyun da suke kawunan Tagwayen su ne Zira'a, ta uku a jerin taurarin damina, bayan Haƙa'a da Hana'a, kafin Nasara da Ɗarfa. A watan Yuli rana ce take sauka a daidai wurinsu, don haka ake lissafa su da damina alhali ido ba ya ganin su a lokacin. A Disamba kuwa dare ya zama nasu. Suna ɓullowa daga arewa maso gabas wajen ƙarfe 8, bayan an idar da sallar isha, su yi ta hawa har su kusa tsakiyar sama tsakanin ƙarfe 2 da 2 da rabi, sun ɗan karkata arewa. Neman su ba wuya. A fuskanci gabas wajen ƙarfe 10. Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, tana can kusan bisa kai, kuma babban tauraron nan mai tsananin haske da ba ya ƙyafta ido da aka gani a yamma da ita a 2023 Mushtari ne. Ƙasa da Kaza akwai taurari uku a jere kamar an gwada da igiya. Daga nan a karkata hagu, a ɗan yi ƙasa, za a ga taurari biyu masu haske kusa da juna. Su ke nan. Duk hasken Jeminid da ya gifta, ko a wace kusurwar sama, idan aka ja layinsa baya zai koma kusa da na saman cikin biyun. Tsakuwar kam a jere take shigowa, kowace tana bin layinta, ido ne yake haɗa layukan wuri guda, kamar yadda ƙarafan titin dogo suke haɗewa can nesa ga wanda ya tsaya a tsakaninsu.

Na san akwai gidajen da idan yaro ya nuna tauraro ya yanko za a make masa hannu, a ce wani babba ne zai rasu. Wannan camfi ya girmi kakanninmu, kuma an daɗe da kashe bakinsa. Imam Muslim ya ruwaito cewa wani dare sahabbai na zaune tare da Manzon Allah (SAW) sai wani tauraro ya yanko ya haskaka. Ya tambaye su me suke cewa game da irin wannan a zamanin jahiliyya, suka ce sukan ce an haifi wani babban mutum ko wani babba ya mutu, ya sanar da su cewa ba don mutuwar wani ko rayuwarsa ake jefa shi ba. Abin da Alƙur'ani ya ambata na shihabi da jifan shaiɗanu masu satar sauraro, a Suratul Hijri da Saffati da Jinni, fagen malaman tafsiri ne, kuma sun yi bayani. Ni dai ban ga ta inda sanin nauyin tsakuwa da gudunta zai rage wa mumini imani ba, kamar yadda sanin hadari da tururi bai hana kowa yin roƙon ruwa ba. Abin da aka hana shi ne duba, a ce tauraro ya san gaibu. Kallo da ƙirga da rubutawa wani abu ne daban.

A kan rubutawar nake so mu daɗe, don nan ne muke da bashi.

A cikin rubuce-rubucen hannu na Tumbuktu akwai wani ɗan bayani da ake dangantawa da Mahmud Ka'ti, inda marubucin ya ba da labarin wani dare a watan Rajab na shekarar Hijira 991, daidai da 1583, da taurari suka yi ta shawagi ta kowace fuska bayan tsakar dare, hankalin jama'a ya tashi, abin bai lafa ba sai da gari ya waye. Dubban mutane sun ga abin da ya gani, daga bakin Kwara har ƙasar Hausa. Shi ya ɗauki alƙalami ya sa wata da shekara da sashen dare, shi ya sa bayan sama da shekara 440 masana ke ambaton sa. Haka kuma a daren 12 wayewar 13 ga Nuwamba 1833 aka yi wani ruwan taurari a Amurka mai yawan da ya sa mutane suka fito suna kuka, sun sakankance tashin duniya ne. Wani malamin Jami'ar Yale mai suna Denison Olmsted ya yi abin da ya dace: ya sa sanarwa a jarida yana roƙon duk wanda ya gani ya rubuto masa abin da ya gani, da lokaci, da wuri. Wasiƙu suka yi ta zuwa. Daga nan ya tabbatar cewa hasken duk daga wuri guda yake fitowa a cikin taurari, wurin kuma yana tafiya tare da su, ke nan daga wajen duniya abin yake zuwa. Masu karanta jarida irinku, ta hanyar shafi irin wannan, suna cikin waɗanda suka kafa harsashin wannan fanni.

Shi kansa ruwan Jeminid sai a 1862 aka fara lura da shi, kuma a wancan zamani ɗan yayyafi ne, goma zuwa ashirin a sa'a. Yau ana lissafa masa 120 zuwa 150. Bayanin da masana suka bayar shi ne, ƙarfin jan Mushtari yana ta karkato hanyar tsakuwar, har duniya ta koma ratsa inda ta fi kauri. Ba a gane wannan ƙaruwa ba sai don mutanen da suka kwanta a fili cikin sanyi, shekara bayan shekara, suna ƙirgawa da ido suna rubutawa, mafi yawansu kuma malaman makaranta ne da ma'aikata da ɗalibai waɗanda ba a biyan su ko sisi. Tun 1988 akwai ƙungiya ta duniya, IMO, da take tattara irin waɗannan rahotanni ta intanet daga kowa, ba ta tambayar takardar digiri. Mafi yawan rahotannin daga Turai da Amurka da gabashin Asiya suke zuwa. Ga shi kuwa Disamba a Turai lokacin gajimare ne da dusar ƙanƙara, mai sha'awa yakan yi shiri wata guda ya ƙare da kallon girgije. Mu muna kan agogo ɗaya da Faransa da Jamus, samanmu babu hadari, Zira'a tana hawa mana kusan bisa kai, amma shafinmu a wannan kundi kusan fari fat yake.

Ba don ba mu iya kallon sama ba ne. Babu watan da zai kama ba tare da an baza ido daga Sakkwato zuwa Borno ana neman jinjiri ba, wanda ya gani ya shaida wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, har labari ya isa fadar Sarkin Musulmi, a tantance, a sanar. Wannan shi ne tsarin da ƙungiyoyin masu kallon taurari suke wahalar ginawa: ido da yawa a wurare da yawa, da hanyar kai rahoto, da mai tantancewa. Muna da shi tun kaka da kakanni, sai dai mun tsayar da shi a kan abu guda. Muna kuma da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, da cibiyarta ta nazarin taurari a Nsukka, amma ɗan sakandare a Gumel ko Maraɗi ba ya bukatar jiran kowa kafin ya fara. Wannan fanni ne da madubin hangen nesa ba ya amfani a cikinsa, don yana ƙuntata fili, shi kuwa hasken ba ya sanar da inda zai ɓullo. Ido biyu da tabarma sun wadatar.

Hatta rashin wutar lantarki da muke kuka da shi dare da rana, a wannan dare ɗaya ya zama riba. Mutumin Landan sai ya tuƙa mota ya yi nisa kafin ya sami duhun da ɗan ƙauyenmu yake samu a ƙofar ɗakinsa. Ginin gidan Bahaushe ma kamar don wannan aka yi shi: tsakar gida a buɗe take ga sama, katanga kuma ta tare hasken titi, don haka uwargida da 'yan mata ba sa bukatar fita ko zaure. Sai dai akwai cikas biyu da ba zan ɓoye ba. Na farko hazo. Idan iska ta taso da ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kwana ɗaya ko biyu ta iso mana, ƙananan taurari sukan nutse, a bar mu da manya kawai. Hukumar hasashen yanayi takan yi gargaɗi kafin zuwanta, a saurara. Ko da hazon ya zo ba a yi asara duka ba, domin ƙura ta fi kauri a gefen sama, tsakiya ta fi sauƙi, kuma ruwan Jeminid ya yi suna wajen manyan haske masu tafiya a natse, wasu fari, wasu rawaya, jefi-jefi har da kore. Na biyu ya fi ciwo. Garuruwan da suka fi kowa kyawun duhu su ne yau ba a iya kwana a waje a cikinsu. Ƙauyen da yara suka saba tatsuniya a dandali har dare ya raba, yanzu ana rufe ƙofa tun magariba, kunne na sauraron ƙarar babura. Yaron da ya tashi a haka ta ina zai san Kaza, balle Zira'a? A lissafin abin da 'yan bindiga suka ƙwace mana ba a cika sa dare ba, amma yana ciki. Don haka kada kowa ya ce na aike shi daji. Tsakar gida, ko saman bene, ko filin makarantar kwana da izinin shugabanta, sun isa. Waɗanda za su taru a fili su sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana, kada a ga mutane kwance cikin duhu ƙarfe biyun dare a yi musu wata fassara.

Ga yadda ake yi. A kwanta rigingine, kada a tsaya, don wuya ba zai jure ba. A shimfiɗa abu mai kauri a ƙarƙashi, domin sanyin ƙasa ya fi na iska cutarwa, a sa hula da safa. Mutanen Jos da Funtuwa ba sa bukatar in tuna musu. A kashe fitilu, a roƙi mai janareta ya yi haƙuri. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya yana rushe wannan duka, a koma farko. Wanda dole sai ya haska takarda ya ɗaura jar leda a bakin tocila. Kada a ƙura wa Zira'a ido. Hasken da ke kusa da ita gajere ne, dogayen suna can gefe, don haka a kalli inda sama ta fi duhu da faɗi. Da farkon dare kaɗan ne za su zo, amma sukan yi tsawo, su ratsa sama kamar an ja alli, kuma wannan ne lokacin da ya dace da ƙananan yara. Kasuwar takan cika daga tsakar dare zuwa ƙarfe 4.

Kada kuma wani ya zo ya ce na yi masa alkawarin 150. Wannan adadi na sama ce mai tsabta ƙal, babu ƙura babu fitila, mafitar kuma tana daidai tsakar ka. Wanda ya sami rabin haka a ƙauye ya gode Allah, na cikin birni kuwa ya sa ran abin da bai kai haka ba nesa. Kuma ba a jere suke zuwa ba. Sai a yi minti biyar shiru har mutum ya fara tunanin gado, sannan uku su zo a tare.

Ƙirgar tana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce take mai da kallo ilimi. Kowa ya ƙirga nasa shi kaɗai. Idan mutum biyar suka haɗa adadinsu, lissafin ya lalace, don ba a san ido nawa ne ya ga me ba. A raba lokaci minti goma sha biyar-biyar. A tanadi tsakuwa da kwano biyu: hasken da layinsa ya koma Zira'a a jefa a na dama, wanda ya fito daga wani wuri daban, don akwai irinsu kowane dare, a jefa a na hagu. Ta haka ido ba zai bar sama ba. Na ce tsakuwa ne da gangan, domin wanda ya yi da gyaɗa zai wayi gari ya cinye bincikensa. Bayan kowane zango a rubuta lokacin farawa da na gamawa, da adadin kowane kwano, da fuskar da aka kalla, da ko bishiya ko gini ya tare wani sashe. Sannan a rubuta 'ya'yan Kaza nawa ido ya iya rarrabewa. Mai lafiyar ido a sama mai kyau yakan ga shida ko bakwai. Idan uku kawai aka gani, an san hazo ya yi aiki, kuma wanda zai karanta rahoton zai san yadda zai auna shi. Wanda bai ga komai ba cikin minti goma sha biyar ya rubuta sifiri, shi ma sakamako ne. Masu son aika wa IMO za su tarar tana da tata hanyar auna tsabtar sama, ta ƙirga taurarin da ke cikin wasu keɓaɓɓun kusurwoyi, kuma malamin kimiyya zai iya koya wa ajinsa ita a darasi guda.

Wani zai tambaya ko za a tsinci abin da ya faɗo. A'a, tsakuwar Jeminid ba ta isowa ƙasa. Duwatsun da suke isowa wani iri ne, manya, kuma ba su da rana tsayayya. Ɗaya daga cikin mafiya shahara a duniya a ƙasarmu ya faɗo, a Zagami ta lardin Katsina, ranar 3 ga Oktoba 1962, kusa da wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa. Nauyinsa kimanin kilo 18, kuma daga baya bincike ya nuna ɓallin duniyar Mirriku ne, wadda Turawa ke kira Mas. Gutsattsarinsa suna ɗakunan bincike da gidajen tarihi na ƙasashe da dama, ɗaliban kimiyya a can sun san sunan Zagami, namu kuwa da wuya a sami wanda ya taɓa jin labarin a aji.

Duk wanda ya ƙirga, ko na rabin sa'a ne, ya aiko wa wannan shafi da sunan garinsu, da lokaci, da adadi, da yawan 'ya'yan Kazar da ya gani. In sha Allahu zan jera su gari-gari a fitowa ta ƙarshen wata, mu ga yadda hazon Nguru ya bambanta da na Zariya. Wanda kuma hazo ko barci ya ci shi, akwai wani ruwan a daren 3 wayewar 4 ga Janairu, mai fitowa daga arewa maso gabas bayan ƙarfe 2. Shi ƙarfinsa na 'yan sa'o'i ne kawai, kuma idan wata yana sama a daren, a juya masa baya a kalli arewa, daga ƙarfe 4 zuwa kiran assalatu.